Daɓen Katako a Zauren Baba

A shekarar da aka sauya wa ƙasar nan suna, muka kwana 'yan Dahome muka tashi 'yan Benin, aka sauke tsohuwar tuta aka ɗaga kore mai jan tauraro, a shekarar ne na fara riƙe zarto. Lokacin kowa ya zama kamarad, daga mai sayar da gawayi har ma'aikacin duwan, wato kwastan, rediyo kuma ba ta da zance sai mu dogara da ƙarfinmu. Mu a unguwar Zango ta Kwatano mukan saurara, mu ce to, mu tashi mu yi alwala.

Sana'ata rubutu ce. Ina karantar da manya bayan la'asar, ina kuma rubuta wa fataken shanu wasiƙu da ajami zuwa gida. Hannuna bai san wani ƙarfe ba in ban da 'yar wuƙar fiƙe alƙalami.

Wanda na yi wa aikin zarton shi ne maigidanmu, wanda duk unguwa ke kira Baba. Fatoma ne. Duk baƙon da ya gangaro da shanu daga Arewa, in bai san kowa a Kwatano ba, gidansa ake nuna masa. Ni ma haka aka nuna mini shekaru da yawa kafin wannan, ranar da na iso daga Zariya da gafakata da wani zazzaɓi da ya kusa kai ni kushewa. Damina ce, gida cike da fatake, babu ko wurin miƙe ƙafa. Baba ya kwantar da ni a kan gadonsa, shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a zaure, a kan siminti, ya yi ta kwana nan har ruwa ya ɗauke na miƙe.

Wanda bai zauna Kwatano ba ba zai san girman wannan ba. Garin a kan yashi yake, tsakanin teku da tafki, ka ɗan haƙa ƙasa kaɗan sai ka ga ruwa yana tsattsafowa. Da damina siminti gumi yake kamar randa. Tabarmar da ka shimfiɗa da safe, in ka ɗaga da yamma za ka ga shatinta a jiƙe.

Da tsufa ya zo, gwiwoyin Baba suka kumbura. A zauren nan yake yini, nan yake karɓar baƙi, nan muke jam'in salla mu da fataken gidan. Ya kai ga ba ya iya durƙusawa a kan simintin. An sa buzu, an sa bargo, danshi ya ratsa su duka suka kama wari. Sai ya koma salla a kan kujera, yana nuni da kai. Bai taɓa kokawa a gabanmu ba. Inna, matarsa, ita ce ta faɗa mini wata rana a bakin murhu.

"Ɗan nan, Babanka ba ciwon ne ke damunsa ba. In ya sallame sai ya daɗe yana kallon ƙasa. Cewa yake goshinsa ya manta da ita."

Ni a raina na san inda sanyin ya samo asali, ko da kuwa likita bai ce haka ba. Na sha ƙoƙarin saka masa. Na ɗinka masa babbar riga, Juma'a ta zagayo na gan ta a jikin ladan. Na kai masa rago da layya, ya yanka ya aiko mini da rabi. In na matsa sai ya ce, "Malam, don Allah na yi. So kake ka biya ni a nan, in je can in tarar babu komai?" Amma nauyin bai sauka daga wuyana ba. Ga shi kullum yana ƙara rankwafawa, ina tsoron a wayi gari ya tafi ban yi masa komai ba.

Dabarar a unguwar Kajehun na samo ta. An gayyace ni addu'ar suna gidan wani ma'aikacin buro, wato ofis, tsohon gidan Turawa ne kusa da filin jirgi. Na tuɓe takalmi na shiga, sai na ji ƙasa da ɗumi a tafin ƙafata alhali a waje yayyafi ake. Na duba, katako ne a jere. Ana addu'a ina amin, amma Allah ya gafarta mini, rabin hankalina yana ƙarƙashin ƙafata.

Cikin mazauna gidan Baba akwai wani Bakano da ke fiton kaya a tashar jirgin ruwa. Tsakanina da shi wasan Kanawa da Zage-zagi ne, ba ma haɗuwa mu rabu bai tsokane ni ba. Shi ya ce mini akwai manyan akwatunan katako da ake kawo injuna a ciki, in an fasa su sai a watsar, mata su kwashe su yi makamashi.

"Amma me zai hana ka kira kafinta?" in ji shi. "Ko alƙalamin ne ya daina ciyar da kai, Bazazzagi?"

Na ce in na biya kafinta Baba zai bincika ya mayar mini. Riga ana bayarwa, rago ana rabawa, amma aikin hannun mutum da ke shimfiɗe a ƙasa ba ya kyautuwa ga ladan.

Muka je gaban Baba na yi masa bayani. Ya dubi hannuwana ya yi murmushi.

"Katakon bola, kafintan allo. To yi mu gani. Amma ka sani, ba biya ba ne."

Na ce na ji.

Rani ya shiga sosai sa'ad da aka turo katakon a amalanke. Fari ne mai ƙamshi, duk jikinsa tsofaffin ƙusoshi. Na ari zarto da guduma da abin kankare katako da suke kira rabo wurin wani maƙwabci, na yi bisimilla. Makon farko ban yi komai ba sai zare ƙusa da miƙe ta a kan dutse. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Wasiƙun da na rubuta a kwanakin nan, wani bafatake ya ce mini ɗan'uwansa ya aiko yana tambaya ko malamin ya kamu da farfaɗiya ne.

Da fari na ɗauka kafe katakon zan yi a jikin siminti. Na ɗora ƙusa na buga, ta lanƙwashe. Na sa wata, siminti ya tsage ya yi mini feshi a ido. Na zauna ina kallon ɓarnar da na yi, sai na ce a raina, me ya sa ma sai na haɗa su? Ai gudun simintin ake. Bari katako ya zauna a kansa kawai, kamar yadda kwalekwale ke zama a kan tafki.

Haka na yi. Na shimfiɗa leda mai kauri, irin wadda ake rufe buhunan taki da ita, na ɗan hau da bakinta jikin bango don kada danshi ya sami hanya. Na yayyanka tsohon tib, robar cikin tayar mota, na jera a kai. A kan robar na kwantar da sanduna, ban kafe su da komai ba. Su faifan katakon kuwa, wato allunan da za a riƙa takawa, a jikin sandunan zan buga su, ba a ƙasa ba. Inda siminti ya yi kwari na ƙara roba, inda ya yi tudu na kankare sandar. Ba ni da ma'auni, sai na cika tasa da ruwa na riƙa ɗorawa, in ruwan ya karkata na san akwai gyara.

Baba yana zaune a kujerarsa a bakin ƙofa da tasbaha, ba ya sa baki sai jefi-jefi. Ranar da zan fara jera faifai ya ce, "Ina za su fuskanta?"

Na ce za su bi tsawon ɗaki.

"Ɗakin ai bai daidaita da alƙibla ba. Magininsa ba mai salla ba ne. Jera su yadda layin zai zame mana sahu."

Wannan magana ta ninka mini aiki, domin kowane faifai sai an yanka bakinsa a karkace kafin ya zauna da bango. Kuma kowanne da nasa tsawon. Don kada su rikice mini, na ɗauko tawada na riƙa sa musu alama da abin da na sani: wannan alif, wannan ba, wannan jim. Na yi nisa Baba ya sunkuyo ya duba.

"Malam, mene ne wannan?"

"Alama ce, Baba, don in san na gaba."

"Haruffan da aka rubuta Littafi da su za mu riƙa takawa?"

Na ce ai a ƙarƙashi za su kasance, ba a gani.

"Wanda ya saukar da su yana gani."

Na wanke su ɗaya bayan ɗaya a ƙwarya kamar yadda ake wanke allo, na zuba ruwan a gindin bishiya, na kankare abin da ya rage. Fataken da ke zaune suka ce ga tasu dabara: kowane mai shanu yana da tambarin da yake shafa wa dabbarsa da fenti. Wannan ya zana mini zobe, wancan ƙafar kaza, wani sanda biyu da ɗigo. Har yau in aka ɗaga daɓen za a tarar da garken rabin Arewa a bayansa.

Sai na zo kan kuskurena babba, wanda a lokacin nake ɗauka gwaninta ce. Mu mutanen tudu, aiki mai kyau a wurinmu shi ne wanda ya matse. Daɓen da iyayenmu mata ke yi a gida har jikin bango suke buga shi, ba a barin ko tsaga don kunama. Haka na yi wa katakon. Na tura shi ya manne da bango ta kowace kusurwa, inda na ga 'yar kafa na fiƙe ƙaramin itace na dunƙufa da guduma. Da na gama na kira Bakano na ba shi allura na ce ya nemi inda za ta shiga. Ya zagaya ya dawo ya ce, "Kai, Bazazzagi ya yi abin kai yau, sai a rubuta."

Na goge saman na shafe shi da man gyaɗa. Mutane suka yi ta zuwa kallo, har daga unguwar Santarita. Baba ya taka, ya zagaya, ya ce madalla. Bai durƙusa ba tukuna, gwiwar ba ta yarda ba, amma ya fara barin kujera da hantsi yana zama a ƙasa da ƙafafu a miƙe. Inna ta ce mini kumburin yana saɓewa. Na shiga jiran damina kamar manomi.

Ruwa ya sauko, ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Kwanakin farko ina zuwa ina shafa katakon, a bushe yake, ina hamdala. Sai ya fara ƙara in an taka. Wata safiya na shigo gaida Baba na tarar da mutane tsaye cirko-cirko a bakin zaure. Tsakiyar daɓen ta taso sama, tun daga wannan bango har wancan, ta yi tudun da yaro zai iya ɓuya a bayansa.

Bakano ya ce, "Ashe sa ka gina mana, Malam. Ga tozo, saura ƙaho."

Aka yi ta ba da shawara. Wani ya ce ruwa ne ya shiga ƙarƙashi. Na leƙa ta wata tsaga na zura hannu, ledar a bushe. Wani ya ce a danne shi. Aka ɗauko buhunan gishirin shanu aka jibga, ƙarti suka hau suka zauna. Tozon ya kwanta a nan, ya taso a kusurwar gabas. Suka koma can, ya dawo tsakiya. Dariya har da masu riƙe ciki, ni kuwa ko murmushi na kasa.

Aka mayar da Baba ɗakin ciki, kan siminti, aka mayar da shi kujerarsa. Da na shiga wurinsa ya ce, "Kwashe kayanka, Malam, na gode. Ka ga Allah ma bai so a biya ni ba." Da wasa ya faɗa, amma ta soke ni. Na roƙe shi ya ba ni 'yan kwanaki. Ya ce zaure dai ana buƙatarsa kafin azumi, ga Sha'aban ya kusa.

Na koma ɗakina na rasa abin yi. Da la'asar ta yi na jawo littafin da nake karantarwa. Irin namu ne na da, warƙoƙi a sake tsakanin bango biyu, a naɗe da tsirkiyar fata. Na gama dubawa zan ɗaure, tsirkiyar ta ƙi kaiwa inda take kaiwa. Ba sabon abu ba ne. Kowace damina a garin nan takarda takan sha iska ta kumbura, ni kuma in sassauta ɗaurin ba tare da na ko yi tunani ba, in rani ya zo in ƙara matsewa. Na tsaya da littafin a hannu. Takarda ba ruwa aka zuba mata ba, iskar Kwatano kaɗai ta ishe ta. Ashe katako ma haka yake sha, ni kuwa na ɗaure shi da bango huɗu ban bar masa inda zai miƙe ba. Da ya rasa gefe sai ya nufi sama.

Washegari na sa aka kwashe gishirin. Na fara da 'yan itatuwan da na dunƙufa da hannuna ina alfahari. Sun matse har sai da na riƙa farfasa su da cizal, ƙarfen sassaƙa, ina zarowa guntu-guntu. Sannan na bi bango ina datse bakin kowane faifai, ina barin fili kamar kaurin babban yatsa. Wurin ƙunci ne, zarto ba ya shiga, yawanci da cizal da guduma na yi shi, a durƙushe, kwana da kwanaki. Fatake suna wucewa suna cewa sannu, irin sannun da ake yi wa mai jinya.

Bakano ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Da ka hana allura shiga, yanzu ɓera kake buɗe wa ƙofa?"

Na ce ya dai tsaya ya gani.

Ina kan bangon ƙarshe, na sare wani baki da ya cije, sai na ji daɓen ya motsa a ƙarƙashin gwiwata. Ya yi wata doguwar ƙara, tozon ya fara sauka a hankali, kamar saniya in za ta kwanta, gaba tukuna sannan baya. Muna kallo har ya shimfiɗe. Bakano ya hau ya taka tsakiya, ya yi tsalle, ya sake yi. Shiru, babu ko motsi.

"To," in ji shi, "na janye ƙahon."

Ni dai na zauna a wurin na yi ta hailala. Daga baya na huda bango na cusa turaku, na kafa siririn katako a jikinsu ya rufe filin ta sama, bai taɓa daɓen ba. Ɓera bai samu ƙofa ba, katako kuma ya samu wurin numfashi.

Aka dawo da Baba zaure. Ruwa bai fasa ba, har lungunmu ya zama sai an naɗe wando, amma daɓen ko gezau. Na sa masa ido safe da yamma ina zura yatsa a bayan siririn katakon, ina jin filin yana raguwa kaɗan in an kwana ana ruwa, yana dawowa in rana ta fito. Baba ya koma zamansa na ƙasa da hantsi. Inna tana gasa masa gwiwa da man shanu. Salla dai a kujera, ni kuma ban tambaye shi komai ba.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi, wata la'asar, na shiga gaba zan ja salla kamar kullum. Baba yana bayana ta dama, wurin da kujerarsa take. Muka yi ruku'u muka ɗago, na yi kabbara na tafi sujada. Shi irin wannan daɓe da ba a kafe shi da ƙasa ba jiki ɗaya ne, in mutum ya motsa a baya kana ji a goshinka. Na san saukar kowa a sahun nan. Sai na ji wata sauka da ban saba da ita ba ta dama: gwiwa ɗaya, a hankali, sai tsaiko, sai ta biyu, sai tafin hannu. Sai numfashin tsoho kusa da katako.

Ban san tsawon da sujadar nan ta yi ba. Na tsawaita ta da gangan, don na san wanda ya daɗe bai zo wuri ba ba ya son a hanzarta shi. Babu wanda ya yi gyaran murya. Kowace raka'a haka na riƙa jiransa, ina jin tashinsa da saukarsa a ƙarƙashina, har muka sallame.

Na juyo. Kujera tana jingine da bango. Baba yana zaune a ƙasa cikin sahu, gemunsa a jiƙe. Muka yi addu'a muka shafa, ba wanda ya tashi.

Ya ce, "Bakano, matso ka zama shaida. Malam, miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya riƙe shi irin riƙon da ake yi a kara in ciniki ya faɗa, ya juya tafin yana duban kantar da zarto ya bar mini.

"Shekara da shekaru kana bina da biya, ina gudu. Ban taɓa ganin wanda ake bi bashi yana farautar mai binsa ba sai kai. To yau ka kama ni. Na karɓa."

Na ce, "Baba, abin da za ka tarar a can fa?"

"Wannan na Mai shi ne, ba ya rage wa wani don ya ba wani. Ni na tsakaninmu nake faɗa. Na sallama. Ba ka bina, ba na binka."

Bakano ya ce shi fa shaida ba ya tashi sai da la'ada. Baba ya ce ya ɗauki kujerar ya kai wa Inna cikin gida, ita ce la'adarsa. Sannan ya saki hannuna, ya dafa katakon da tafukansa biyu, ya miƙe da kansa.